Wutsiyar Gungun Ɗorawa

Juma'a, 12 ga Afrilu, 2024
Tun bara na ji wai za a bar wa kogi wutsiyar gungunmu. A bakin wani mai kago na ji a unguwar Al Muraqqabat, nan Dubai, mutumin da ko kwalekwale bai taɓa shiga ba, na yi dariya. Yau bayan masallaci wani ya sake faɗa. Wai kwamitin ruwa, na gungaye da na tudu, za su ja jinga ta bayan makaranta, abin da ke ƙasa da nan a sallama. Gidana na ƙasa da nan. Kabarin matata Ummulkhair ma.

Lahadi, 14 ga Afrilu
Na kira Mu'awiya, ɗan ƙanena, wai shi ne shugaban kwamitin yanzu. Ya ce buhunan yashi da hannayen da ake da su ba za su zagaye gungu duka ba, ƙasar wutsiya kuma kowace damina zaftarewa take. Na ce ranar taro a sa ni a waya. Ya ce, "Baba, ƙafarka ba ta taka ruwan bana ba."
Dokar kakanni ce: wanda bai jiƙa ƙafa a kogi a shekarar ba, ba shi da baki a zancen ruwa. Ni da kaina na sha zaunar da 'yan birni da ita a gindin ɗorawa. Daɗinta nake ji a lokacin.

Talata, 16 ga Afrilu
Ruwan sama a Dubai kamar an fasa tulu. Titin Abu Hail ya zama rafi, motoci sun nutse har ƙofa. Na naɗe wando na sauka, 'yata Muhsinat na kira ta taga, wai Baba sanyi. Ruwa har gwiwa, amma babu ƙamshin laka, sai warin man mota. Na sa mijinta Ɗalhatu ya ɗauke ni hoto.

Laraba, 17 ga Afrilu
Na tura wa Mu'awiya hoton. Ya ce dattawa sun yi dariya har da hawaye, amma Sarkin Ruwa ya ce wannan ruwan Larabawa ne, bai biyo ta Yawuri ba.

Asabar, 27 ga Afrilu
Na yi wa Muhsinat zancen tafiya gida. Ta duba ƙafafuna da suka kumbura, ta ce likita ya ce khalas, zance ya ƙare, babu tafiya sai an gama magani. Ita ma'aikaciyar jinya ce, ba a musu da ita.
Da la'asar na zauna bakin Khor, mashigin tekun nan, ina kallon abra, ƙananan jiragen ruwansu, suna tsallaka da mutane. Matuƙan ba su san sanda ba, inji kawai. A irin wannan lokaci Ummulkhair kan shanya kifi a wutsiya, tana faɗa da shirwa.

Litinin, 6 ga Mayu
Yau taro. Waya ba ta yi ƙara ba.

Alhamis, 9 ga Mayu
An yanke. Jinga ta bayan makaranta, a dasa ciyawar jema a gindinta, gidajen wutsiya su hau tudu kafin Agusta. Maƙabarta ba a taɓa ta, ba a kuma kare ta.
Na ce a kwance kwanon ɗakina a rufa ajin da mutane ke fakewa in ruwa ya zo. Ba wai na yarda ba ne. Kwano ne, tsatsa za ta ci shi a banza.
Mutane da yawa sun kawo mini labarin abin da aka yanke, duk na ƙaryata su. Ta ƙarshe ita ce Hamidatu ƙanwata, wadda da hannunta ta yi wa Ummulkhair wanka. Ta ce, "Yaya, ni ma na ɗaga hannu na yarda. Jikokina a makarantar nan suke kwana."