Motar Asibiti Mai Launin Soja

Zuwa ga Yaya Gado, a Damazin.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Huseina da yara. Yaya aikin madatsar ruwa? Mu nan alhamdu lillahi, sai dai jikin Inna. Zazzaɓin nan ya ƙi sakinta, ciki ya kumbura, ko kunu ba ya zama.

Ka san mun daɗe muna roƙon motar ɗaukar marasa lafiya. Kullum a rediyon Gambo mai shago 'yan majalisa suna cacar baki: waɗannan su ce a sayo motocin asibiti, waɗancan su ce bindigogin yaƙin kudu ne gaba. Mu ma mun rabu biyu a ƙofar masallaci, har maƙwabtanmu Mati da Jibo sun daina gaisawa.

To, jiya sai ga mota. Yaya, koriya ce shar irin ta soja, direban ma da kakinsa! Wai hukuma ba ta da kuɗin sabuwa, shi ne soja suka ba da aro. Aro? Yaushe suka fara wannan kirki? Abin da ya fi tsaya mini a rai, kafin su ɗauki mutum sai sun tambayi inda aka haife shi. Ka san Inna a goye ta iso ƙasar nan daga Sakkwato, ba ta da jinsiyya, takardar zama 'yar ƙasa. Idan suka ce baƙuwa ce suka wuce da ita iyaka, wa zan kama? Na ce musu ta yi tafiya, na tsaya a bakin ƙofa har suka wuce.

Inna tana sa maka albarka. Ka huta lafiya.

Ƙaninka, Mato.

Zuwa ga Yaya Gado.

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da iyali. Yaya, sai haƙuri. Allah ya yi wa Inna rasuwa ranar Alhamis da hantsi.

Da jikin ya tsananta na saki taurin kaina, na aika yarona Suki a kira motar. Ashe ruwa ya riga ni, laka ta cinye hanya, babu abin da zai shigo sai bayan damina.

Har yanzu ban yarda da masu motar nan ba, wallahi. Amma akwai abin da ya hana ni sukuni. Ran da motar ta zo, Jibo ya miƙa musu matarsa Ma'u, mai ciwo irin na Inna, ita ma babu jinsiyya. Har dariya na yi masa. Ta dawo ta kogi a kwalekwale, da ƙafarta ta hauro gaɓa. Wai a asibitin garin Sinja aka kwantar da ita, kuma kowa ake yi wa tambayar nan, har Larabawa. Na ce wataƙila kitsa mata aka yi. Kai da kake cikin ma'aikata, ka bincika mini, don Allah. Ni na kasa haɗa ido da Ma'u.

Ita ce ta yi wa Inna wanka.

Allah ya ba mu haƙuri. A gaida Yaya Huseina.

Ƙaninka, Mato.