Yatsuna Biyu da Ranar Tashin Matattu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina Inna da ciwon gwiwarta? Ina matarka da yara? Ni lafiya lau, aiki sai godiya. Kada ka damu da karkacewar rubutun nan, da hagu nake yi.

Ba wani abu ba ne, injin yankan katako ne ya ɗan taɓa ni a wurin aiki. To, gaskiya dai yatsu biyu ya ɗauke. Da na tambayi malamar asibiti inda aka kai su, sai ta ce an ƙone su tare da sauran tarkace. Tarkace fa, Yaya! Yatsun da nake kaɗa jita da su a coci!

Tun daga nan kaina ya ɗaure. Faston nan ya ce ranar tashin matattu jiki zai tashi cikakke, ba ruhu kaɗai ba. Har na ji sanyi a raina. Sai abokin ɗakina ya ce ai Yesu ma da tabon ƙusa ya tashi, har aka gani. To wanne zan kama? Da hannuna zan tashi, ko da wannan dungun? Tokar kuma wa zai tattaro ta?

Don Allah ka tambayar mini dattijon cocinmu, amma ka ce tambayar wani ce, kada Inna ta ji. Allah ya tsare ku duka.

Jitar kuma kada ka sayar tukuna. Idan za a mayar mini da su, zan iya jira.

Ƙaninka,
Auta