Ango Ya Koma Cikin Randa

Zuwa ga Balkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya kai haske makwancinki, na rubuto ne in kawo ƙarar kaina, don na yi wa Angonki laifi, kuma kwana goma sha ɗaya ke nan ban samu natsuwa ba.

Masu karanta wannan tare da ke ba su san Ango ba. Wata dabbar ruwa ce da ake kira aksolotul, fari sol, tsawonsa bai kai tafin hannu da rabi ba, yana da ƙafafu huɗu da jar geza guda shida a bayan kai, da ita yake numfashi. Ke kika zo da shi daga wani kwas na malaman kimiyya, kika ajiye shi cikin akwatin gilashi a falonmu na unguwar Gesse. Kin sa masa Ango don kullum yana murmushi kuma ba ya aikin komai.

Kin san ban so shi ba. Ni ɗan masunta ne, a Argungu aka yanke cibiyata, a gidanmu abin da ya fito daga ruwa tukunya yake nufa. Sai ga ni ina haƙar tana a bayan gida saboda wani abu da ba kifi ba, ba kwaɗo ba, ga fanka tana kaɗa masa ruwa ni ina zufa. Har na taɓa cewa ko barkono bai cancanta ba, kika yini ba ki yi mini magana ba.

Na tuna ranar da kika ɗauki jan farce kika ja layi a jikin ma'aunin zafin da ke cikin ruwan. Kika ce, "Malam, in ya wuce wanga layi, ruwa nai ya yi zafi, mutuwa zai yi. Kuma kak ka sa mishi abokin zama." Na ce na ji, alhali hankalina yana kan rediyo.

Wata bakwai da rasuwarki ban saɓa ko ɗaya ba. Sai ran nan na dawo daga ofis, gidan shiru, na tarar da shi a kusurwa ya kafe ido wuri ɗaya. Tausayinsa ya kama ni. Mu a gulbi ba mu taɓa ganin kifi shi kaɗai ba, a garke suke tafiya. Da na je gaida Inna a Argungu ranar Asabar, na zo da 'yan karfasa biyu a roba na zuba masa. Na ɗauka alheri na yi, Balkisu.

Kwana biyu kacal suka yi. Na duba na ga gezar ta zama guntaye, uku na hagu karfasan sun gutsire su har gindi. Na kwashe su, na zagi kaina zagin da ban taɓa yi wa kowa ba.

Ana cikin haka kuma taransifomar unguwarmu ta ƙone. Kin san zafin Birnin Kebbi kafin saukar damina, bango ma ba ya taɓuwa. Fanka ta tsaya, firji ya mutu. Ina kallon ma'aunin yana hawa, ya taɓa layinki, ya wuce. Ango ya daina cin tana, ya lanƙwashe bakin wutsiya, wani farin abu kamar auduga ya fito a wurin ciwon.

Na hau kabu-kabu na zaga gari neman ƙanƙara. Wadda na samu sai in bar ta cikin ledarta in jefa a akwatin, don kin hana ruwan da ban san asalinsa ba. Kafin azahar ta narke, ma'aunin ya sake hawa. Kwana uku ina haka, ofis ma na daina zuwa. Duk sanda ya yi shiru a ƙasan akwatin sai in ƙwanƙwasa gilashin, abin da kika fi tsana, don kawai in ga ya motsa.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Tufafinki an raba, littattafanki na kai makarantarku. Shi kaɗai ya rage a gidan nan da ya san hannunki, kuma ni ne zan kashe shi.

Da Inna ta kira ta ji muryata, ba ta tambayi komai da yawa ba. Washegari da hantsi sai ga ta a motar Argungu, ta rungumo randarta a cinya, wadda makwabta ke zuwa roƙon ruwanta lokacin azumi. Ke kin san Inna ta fi ni raina Ango. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Kai da anka haifa bakin gulbi, sai wuta ka sani? Ɗebo rairai." Muka girke randar kan jiƙaƙƙen rairayi a ɗakin da rana ba ta shiga, muka naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, muka cika da ruwan da ya kwana biyu a bokiti kamar yadda kike yi. Da ya yi sanyi na ɗauko Ango da kwano na saka shi.

Ma'aunin ya sauko a hankali, ya tsaya dab da layin, bai shige ƙasa ba. Har yau a nan yake. Ina sauya ruwan safe da yamma, Inna tana yayyafa wa buhun ruwa tana mita, amma ta ƙi komawa gida. Kwana biyar ina miƙa masa tana yana kau da kai.

Yau bayan sallar asuba, da gari ya waye, na leƙa na sake miƙawa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya wawure ta gaba ɗaya. Na haska shi da kyau, sai na ga audugar ta faɗi, kuma a gindin gezar hagu akwai wasu 'yan jajayen tsiro kamar kan allura. Kin taɓa gaya mini cewa ko ƙafa ya rasa wata za ta fito, na yi miki dariya. Na zauna a ƙasa kusa da randar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarki, Inna ta ja ƙofa ta bar ni.

Bai warke ba tukuna, wuta ba ta dawo ba, hadari kuma ko alamarsa babu. Amma na gane abu ɗaya, Balkisuna: shi kaɗaici bai taɓa damunsa ba. Ni ne ya dama, na ɗora masa.

Allah Ya gafarta miki, Ya sanyaya kabarinki fiye da yadda kika so wa wannan bawa nasa sanyi, Ya haɗa mu a Aljanna. Ki yafe mini karfasan.

Mijinki mai kewarki,
Sani