Gwangwanin Tabar Kafinta

Zuwa ga angona marowaci,

Sallama da gaisuwa mai yawa, irin wadda ba ka cancanta ba. Ina fata kana lafiya, da matarka, da tattaɓa-kunnena da har yau ban gan ta ba sai a hoto. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa, ita ma mun saba.

Na ɗauki biro ne don in na kira ka a waya ba ka barina in kai aya, sai "to Kaka, to Kaka, ina da masu jira a kanti." Takarda kuwa ba ta katse mutum. Ka yi haƙuri da rubutun, a aji huɗu na tsaya.

Direba ya dawo da gadon jaririyar. Ya sauke shi a ƙofar shago, ya ce matarka ta ce warin taba yake. Kakanka Kafinta tun ranar da aka ce ciki ya shiga yake aikin gadon nan. Shi ya yi wanda ubanka ya kwanta a kai, shi ya yi naka, wanda ka jiƙe da fitsari har katakon ya kumbura. Ya sunkuya ya kafa hanci a jikin katakon, ya ɗago ya ce, "Ni ban ji komai ba." Na ce ina za ka ji, hancin da yake iyo a cikin hayaƙi tun kafin a kawo ni gidan nan? Ya ce to ke sansana. Na sansana. Ango, gaskiyar matarka. Gadon nan in ka ƙyasta masa ashana sai ya zuƙu.

Ka san shi da tabarsa. Ba ya sayen ta kwali, wai ta ragwaye ce. Ganye yake saye, ya yanka da wuƙarsa siri-siri, ya zuba a jan gwangwaninsa da ɗan ɓawon lemo don kada ta bushe, ya naɗa da hannu ɗaya yana auna katako da ɗayan. Likita ya yi ya gaji, tari ya yi ya gaji, ni ma na yi na gaji.

To ga labari. Ya yi kwana biyu yana zagaya gadon nan kamar mai gadi. Sai ya fita, ya dawo da wani abu kamar ƙaton biro, wai sigarin lantarki, caji ake masa kamar waya. Ya miƙo mini ashanarsa da takardun naɗinsa ya ce in jefa a murhu. Sannan ya ce, "Rubuta wa yaron nan. In na bar wuta, za su kawo mini ita?"

Na rubuta. Saura kai.

Taka har kullum,
uwargidanka da ba ka ba kuɗin cefane

*

Zuwa ga Kaka,

Amin wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na karanta wa maman yarinya, ta yi dariya sannan ta yi kuka. Muna gaishe ki da Baba Tsoho, da fatan gwiwa ta yi sauƙi.

Kaka, ba raini ne ya sa muka maido gadon ba. Kin san yarinyar bakwaini ce, ta daɗe a kwalba, har yanzu ƙirjinta bai yi ƙwari ba. Likita ya ce ba hayaƙin kaɗai ba, har wanda ya kama labule da riga da katako yana iya tayar mata da numfashi.

Na yi mamakin abin da Baba Tsoho ya yi, ban taɓa zato ba. Amma a matsayina na mai aikin kantin magani dole in faɗi gaskiya: wannan abin ba ruwan sha ba ne. Ya raba shi da ƙona ganye, amma abin da ke kama mutum a taba yana cikin ruwansa. Kada ya sha a cikin ɗaki, kada ya sha kusa da ita, kuma ya riƙa ragewa. A wanke labulaye da shimfiɗu. In zai yi wani gadon, ya nemi katakon da bai kwana a shagon ba. Zan zo in gani da idona, in komai ya yi, sai in kawo su.

Batun cefane kuwa, ki tambayi mijinki na farko.

Jikanki

*

Angona sarkin sharuɗɗa,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta masa takardarka, ya ce, "Yaron da na share wa majina ne yake ba ni doka?" Sannan ya tashi ya sauke labulayen da kansa.

Bari in ba ka labarin biron. Zuƙar farko sai da ya yi tari har hularsa ta faɗi. Ashe mai sayar da shi ruwa mai ɗanɗanon mangwaro ya zuba masa a ciki. Tururi ya turnuƙe tsakar gida, ƙudaje suka fara binsa. Ya je bencin hira a ƙofar tela, mai walda ya ce, "Kafinta, da tsufanka ka koma tsotson alewa?" Tela ya ce a saya masa jakar makaranta. Ya bar su suka gama dariyarsu, ya ce, "Ku a cikinku wa ke da tattaɓa-kunne?"

Ni ma abin ya shafe ni. In ya shigo sai in ja mayafi, in ɗauka mai tallan mangwaro ne ya faɗo mini gida ba sallama. Mutumin da ko idona a rufe nake gane shi da wari! Daga baya ya samo ruwa mai ɗanɗanon taba. Na ce yaya, an dace? Ya juya shi a baki ya ce, "Kamar hoton mutum ne. Kamar tana nan, amma ba ya amsa gaisuwa."

Ranar da na sara masa ita ce ranar da aka ɗauke wuta tun safe, cajin biron ya ƙare. Ango, ka taɓa ganin kazar da ke neman wurin ƙwai? Ya shiga ya fita, ya yi wa kyanwa faɗa, ya yi wa buta faɗa. Mai walda ya leƙo ya miƙa masa kara ɗaya, ya ce, "Sha abinka, wa zai sani?" Ina kallo ta taga. Ya karɓa, ya ja ta a ƙarƙashin hanci a hankali. Sai ya mayar masa ya ce, "Wannan ai shara ce. Ko zan karya alkawari ba a kan wannan ba." Ya ɗauki sanfefa ya hau gugar duk abin da ya gani. Ya goge ƙofa, ya goge kujerata, ya goge muciyata har ta rame. Yanzu in na zauna sai in zame.

Yatsun ne suka ƙi yarda. Yana zaune za ka ga suna naɗi a iska. Duk takardar da ya samu sai ya naɗe ta, har ta maganin gwiwata. Kuma harshensa ya farfaɗo, abin da ban roƙa ba. Wai miyata gishiri ya yi yawa. Gishirin da yake ci tun ubanka bai yi haƙori ba!

An wanke komai, an yi wa shago fenti. Sabon gado yana tsakar gida a fili, katakon ma daga wurin masu yanka aka kawo shi kai tsaye. Biron kuwa bayan gida yake fita da shi, kusa da shukar tumatirina, ya dawo ya wanke hannu kamar mai shirin tiyata.

Ka zo ka duba, mai binciken gari. A shafa mini kan 'yar tsuntsuwata.

Kakarka

*

Kaka,

Bayan gaisuwa. Na zo kamar yadda na ce, ban sanar ba don ina son in ga gidan yadda yake. Aka ce kin tafi asibiti ganin likitan gwiwa.

Labulaye fes, gadon kuma ban taɓa ganin aikinsa mai kyan wannan ba. Har na ɗauko waya zan kira maman yarinya in ce ta fara haɗa kaya. Sai na shiga shago. Jan gwangwanin yana kan teburin aiki, a buɗe, cike da taba, da sabon ɓawon lemo a ciki. Wanda ya bar abu ba ya canza masa ɓawon lemo, Kaka. Da na ba shi hannu, warin yana yatsunsa.

Na ce, "Baba Tsoho, ka koma ne?" Ya dube ni, ya ci gaba da gugar katako. Na sake tambaya, ya ƙi magana. Na baro gadon a nan.

Ban yi fushi ba, amma raina ya ɓaci. Da ya ce mini ya kasa, da na fahimta. Ba zan iya kawo ta ba.

Jikanki

*

Kai ango,

Na amsa gaisuwarka, ko da yake gajeriya ce kamar haƙurinka.

Hancinka yana aiki, na yaba. Kan ne da saura. Ka ga taba, to ka ga toka? Ka ga ashana? Ka ga guntun kara ko ɗaya a ƙasa? Kai da kake auna magani da ƙwayar ido, ba ka lura gwangwanin bai ragu ba?

Ga abin da ba ka sani ba. Kullum da safe in ya buɗe shago, sai ya buɗe gwangwanin nan, ya ɗebi kaɗan a yatsu, ya murza, ya sansana, ya mayar, ya rufe. Shi ke nan. Na taɓa ce masa wannan wane irin azabtar da kai ne? Ya ce, "Ba faɗa muka yi da ita ba. Mutum ya daina zama da aboki, sai kuma ya daina gaishe shi?" Ɓawon lemon ma don kada ta bushe ta wulaƙanta ne. Ni da nake gani kullum na san wanne ya fi wuya. Wanda ya jefar da abu ya huta sau ɗaya. Shi kuwa kowace safiya sai ya riƙe ta a hannu ya ce a'a.

Ka ce ya ƙi magana. Ina zai yi? Mutumin da bai taɓa yi wa mai sayen kujera ƙarya a kan katako ba, jikansa ya tsare shi a shagonsa kamar ɓarawon kaji. Na dawo na same shi zaune, biron ma bai taɓa ba. Na ce me ya faru? Ya ce, "Yaron ya yi daidai. Uba ne. Ni ma da haka zan yi." Ka ji wanda kake zargi, shi yake kare ka.

Washegari ya buɗe gwangwanin, ya daɗe yana sansanawa, ban hana shi ba. Sai ya juye ta duka a bokiti, ya zuba ruwa. Da ta jiƙu ya tace ya fesa wa tumatirina. Ya ce, "In za ta kashe wani, gara ta kashe ƙwari." Ango, ƙwarin nan sun yi mutuwar gata, ba su taɓa samun taba mai tsada haka ba. Na yi dariya, na shiga ɗaki na share idona, wai hayaƙin murhu ne.

Ya wanke gwangwanin da sabulu har jan fentin ya fara tashi, ya shanya a rana. Ruwan biron ma ya koma wanda ya fi rauni, ya ce kafin ta fara rarrafe yana son ya koma mai raunin rauni.

Ya kwance gadon, ga shi nan direba zai kawo muku tare da takardar nan. Notin ɗaurin duk suna cikin gwangwanin, ni na zuba su da hannuna. Ya ce in gaya maka ba sai kun zo ba. In bai gan ta ba, ta dai kwanta a aikinsa, ya ishe shi. Wannan maganarsa ce. Ni ban ce ta ishe ni ba.

A gaishe da matarka, ita ce mai hankalin gidanku.

Kakarka, wadda ba ta yafe ba tukuna

*

Uwargida ran gida,

Gaisuwa, da kai a ƙasa. Gado ya iso. Maman yarinya ta bi shi lungu-lungu da hanci, ba ta ji komai ba sai katako. Gwangwanin kuma sabulu.

Na zauna da sifana na ɗaura shi, ƙafa uku sun tsaya. Noti ɗaya babu, kuma na zagaya kasuwa ba a sami irinsa ba. Na san Baba Tsoho ba ya kuskuren noti. Na kuma san a bakin zanen wa yake ƙulle.

Ranar Asabar muna tafe, mu uku, da gadon. Ki ce masa... a'a, bari. Wannan da bakina zan faɗa masa.

Ki rage gishiri.

Angonki