Ni ne Mai Ɗaure Habu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya min a rai.

Ni ɗan kasuwa ne, yadi nake sayarwa a kasuwar Adjamé, shekarata goma sha ɗaya a Abidjan. Ɗana shekararsa huɗu, ba ya magana, ka kira sunansa ko waigowa ba ya yi. Wata biyu da suka wuce likita ta ce otizim ne. Matata haifaffiyar nan ce, ita ta gano wata ƙungiyar iyaye masu irin yaranmu, suna zama duk Asabar a wani aji a unguwar Treichville, kusa da tashar mota ta Gare de Bassam. Da farko na ƙi, na ce ba zan baje sirrin gidana gaban baƙi ba, ta yi ta naci har na bi ta. Faransancina na ciniki ne kawai, ita ke raɗa min fassara.

Zama na biyu wata mata tana ba da labarin ɗanta, yadda yake toshe kunne in an kunna injin markaɗe, yadda yake jera marafan kwalba, in ka taɓa ɗaya ya yi ta buga kansa da bango. Ƙanena Habu take siffantawa, sak. Mu a garinmu cewa aka yi iska ce. An yi hayaƙi, an yi ruƙiyya, da abin ya ƙi sai aka koma ɗaure shi a jikin darbejiyar tsakar gida. Ni nake ɗaurin, ina ɗan shekara sha biyu, saboda ƙullina ba ya kwancewa, har alfahari nake da shi. Habu bai taɓa cizona ba, hannun kawai yake miƙo min. Yana shekara tara zazzaɓi ya tafi da shi, da shatin igiya a wuyan hannunsa.

Ƙungiyar nan ta taimake mu, ba ƙarya. Mun koyi yi wa yaron magana da hotuna, matata ta daina kukan ɓoye. Wani direban gbaka, wato motar haya, ɗan ƙungiyar, da na buɗe wa cikina ya ce min yaro ne ni a lokacin, abin da aka sa ni na yi. Na ji shi, amma har yau ko dilar yadi na zo ɗaurewa sai in ajiye igiyar in ce wani ya ɗaure.

Yanzu ga matsalar. Innarmu ta tsufa, ga hawan jini. Ta ji labarin jikanta, ta kira ni a waya ta ce in kawo mata shi gida, ta san yadda ake yi da irinsu. Na ce mata a'a, wannan na likita ne, ba iska ba ce, koya masa abubuwa ake yi a hankali. Sai ta ce, "To mu me muka yi wa Habu ke nan?"

Na kashe wayar, na tura saƙo cewa network ne.

Kwana uku ke nan tana kira ban ɗauka ba. In na ce ciwonsu daban ne, ta samu barci, amma na yi wa Habu ƙarya yana kabari. In na faɗi gaskiya, ban san ko zuciyarta za ta ɗauka ba. 'Yan uwa, in ta sake kira, me zan ce mata?