Rawar Ta Koma Ƙafar Delphine

Mama,

Ina gaishe ki. Ya jikin Baba? Ya su Beto?

Lafiyata ƙalau, gwiwar ce dai take ɗan yi mini gardama. Kin san rawar balen da Madam Thibault ta kafa ƙungiyarmu da ita a Montreal: ba a ɗaukar ta a bidiyo, wadda ta taka ita ke koya wa ta bayanta. Jiya tsohuwar, Madam Thibault, ta dafa ni ta ce, "Noemi 'yata, lokaci ya yi. Miƙa wa Delphine rawar."

Na koya wa yarinyar ban yi kuka ba, sai da na ga ta kwaso har karkata kan nan da na gada wurinki.

Ki share mini ɗakina, zan dawo gida. Kada ki gaya wa Baba tukuna.

Allah ya bar mana ke.

Taki,
Noemi