Wankakken Ƙwan Auta

Daga:
Mai ƙwai, Shago na 14,
Layin Masu Ƙwai, Babbar Kasuwa.

17 ga Afrilu, 2023.

Zuwa ga:
Shugabar Ofishin Duba-gari,
Sashen Kula da Tsabtar Abinci.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: WANKE ƘWAI DA AJIYE SHI BA FIRJI A SHAGO NA 21, DA TAKARDAR YABON DA OFISHINKI YA BA MAI SHAGON

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ki da ma'aikatanki, ina neman izinin gabatar da ƙorafi a kan mai shago na 21, wanda ke kallon nawa ƙofa da ƙofa. Kafin wani ya riga ni faɗa miki, mai shagon ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne autanmu, kuma Auta kowa ke kiransa. Ni na koya masa sana'ar tun bai iya ɗaukar kiret biyu ba ɓarna ba. Ina roƙo a karanta takardar nan har ƙarshe kafin a yanke mini hukuncin da 'yan gidanmu suka riga suka yanke.

1. A ranar 8 ga Nuwambar bara ofishinki ya tara mu a rumfar taro ta kasuwa, kuma ke da kanki kika yi mana bayani. Kin ce ƙwai yana fitowa da wani siririn rufi a bayan ɓawonsa wanda ido ba ya gani, shi ke hana ƙazanta shiga ciki. Kin ce ruwa yana wanke wannan rufin, don haka ƙwan da aka wanke sai firji, wanda kuma ba shi da firji ya bar ƙwansa yadda kaza ta ajiye shi, a inuwa, inda iska ke ratsawa. A bencin gaba na zauna ranar. Tun daga lokacin ko jiƙaƙƙen tsumma ban ƙara kai wa jikin ƙwai ba, in kashin kaji ya yi yawa sai in kankare da busasshen soso. Auta bai halarci taron ba, ya tafi sayen fentin da zai shafa wa kantarsa.

2. Mota ɗaya ke kawo mana kaya daga gona ɗaya, ni da shi. Da zarar an sauke, Auta yakan ja nasa bayan shago inda ya ajiye babban baho, ya zuba garin sabulu, ya wanke ƙwan ɗaya bayan ɗaya a ruwan da ba ya canzawa har sai ya koma kalar ƙasa. Daga nan ya goge, ya jera a bakin kanta inda rana ke duka tun hantsi, ya kuma kunna ƙwan lantarki a samansu da rana tsaka don su yi sheƙi. Ba shi da firji, babu ma mai firji a layinmu kaf, kuma rufin kwano ne a kanmu. Na yi masa magana a matsayina na wansa. Ya yi mini irin murmushinsa da ke sa a yafe masa komai tun yana rarrafe, ya ce zamani ne ya wuce ni.

3. A ranar 6 ga Fabrairu jami'anki biyu suka zo zagayen duba shaguna. Ba na zargin kowa da cin amana. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa. A shagona ba su ko zauna ba, macen cikinsu ta ɗauki ƙwai ɗaya da yatsa biyu, ta ga ɗan gashin kaza a jiki, ta yamutsa fuska ta ajiye. A shagon Auta kuwa har kujera aka ba su, aka yi raha, aka ɗauki hoto. Ba su fasa ƙwai ko ɗaya ba, ba su leƙa bayan shago ba, alhali bahon yana nan da kumfarsa. A ƙarshen watan aka kira shi gaban jama'a aka miƙa masa takardar yabo ta shagon da ya fi kowane tsabta, da hatimin ofishinki a ƙasa. Ni ma na tafa, tunda ido yana kaina.

4. Daga ranar masu saye suka fara tsallaka layi. Mai yin kek da ke sayen ƙwai a wurina tun tana amarya yanzu takan gaishe ni daga nesa, kiret ɗin Auta a kanta. Masu turin kaya sun laƙaba mini suna Mai Kashin Kaji, har yaran layi sun ɗauka. Ba wannan ne ya kawo ni gabanki ba, kasuwa ta gaji haka. Na ambata ne kawai don a san cewa wanda ya bi umarnin ofishinki shi ake yi wa dariya, wanda bai ma ji umarnin ba shi ke da takarda a firam.

5. Wannan shi ne ainihin ƙorafin, kuma ina neman afuwa idan maganar gida ta shigo takardar hukuma. Mahaifiyarmu tsohuwa ce, jikinta ba ƙwari, likita ya ce ta riƙa cin ƙwai kowace safiya. Shekara da shekaru ni ke kai mata, in zaɓo sabbin saukewa in tura ƙarƙashin gadonta inda ya fi sanyi. Da Auta ya sami yabo sai ya sa aka yi wa takardar hoto ya kai mata, ta sa aka rataye a bango daidai inda duk mai shigowa zai fara gani. Ƙwansa kuma ta jera a kwanon gilashi a bakin taga, rana na haska shi, duk baƙon da ya zo sai an nuna masa. Nawa ta fara rabar wa maƙwabta. Na gane haka ne da na ga kiret ɗina a ƙofar gidan maƙwabciyarta mai ɗinki.

A ranar 2 ga watan nan amai da gudawa suka kwantar da ita, sai da aka yi mata ƙarin ruwa a asibiti. Likita ya ce wani abu ne ta ci, bai ce ƙwai ba ne, ni ma ba zan ɗora masa abin da bai faɗa ba. Amma na koma ɗakinta na fasa uku daga kwanon nan. Ɗaya lafiya lau, ɗaya gwaiduwar ta narke ta zama ruwa, na ukun kuwa sai da na fita waje shan iska. Mahaifiyarmu kuma ta fi son ƙwanta rabin dahuwa saboda haƙori.

Na kai maganar gaban 'yan'uwa a barandar asibitin. Yayarmu ta ce in ji tsoron Allah, ƙyashi ne ke cina. Mahaifiyarmu da aka gaya mata ta ce ai tun ranar da aka haifi yaron nan ban taɓa taya shi murnar komai ba, kuma tunda hukuma ta ba shi takarda, ni wane ne. Ranki ya daɗe, ba zan yi ƙarya a takardar da zan sa wa hannu ba: ƙyashin akwai shi. Yana cina idan na ɗaga kai na ga firam ɗin, yana cina idan na ji tana kiran sunansa da wata murya da ban tuna ta taɓa kirana da ita ba. Sai dai ba ƙyashina ne ya ruɓar da ƙwan da ke bakin tagarta ba. An sallame ta, kuma ranar da ta dawo gida Auta ya cika kwanon da sabon wankakke. Shi take ci yanzu haka.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon ofishinki abubuwa kamar haka.

Na farko, a turo jami'ai da safe ba tare da sanarwa ba, su zagaya bayan shagon su ga bahon, su fasa ƙwai daga kantarsa da tawa, su rubuta abin da suka samu ko da ni zai kayar.

Na biyu, kada a rufe masa shago, kada a tozarta shi a gaban layi. Yana da iyali, kuma ba da mugunta yake yi ba, bai dai sani ba ne, daga bakina kuma ba zai ji ba. Takardar yabon ma a bar masa abarsa idan doka ta yarda. Ban ce a ba ni ba, ko da yake da an duba da kyau tun farko da ba mu kai nan ba.

Na uku, wanda ya fi sauran gaggawa, a taimaka a tura jami'a ɗaya sanye da kayan aiki ta je ɗakin mahaifiyarmu, ta yi mata bayanin da kika yi mana, ta sauke kwanon daga bakin taga. Kada a ce ni na rubuto, domin da zarar ta ji daga wurina maganar ta fito, shi ke nan ta toshe kunne. A ce mata Auta ne ya gano haka da kansa ya nemi a zo a faɗa mata. Ni zan riƙa zaɓo sabbin saukewa kowane mako in tsallaka layi in ba shi, shi ya kai mata a matsayin nasa. Idan daga hannunsa ya fito, ko da kashin kaji a jiki za ta ci.

Ina fatan za a duba wannan koke da idon rahama, a kuma hanzarta. Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma.

Naki cikin biyayya,

(sa hannu)
Mai ƙwai, Shago na 14,
wan mai shago na 21.